Hanyar Lambu Ta Kowa Ce

'Yan'uwana malaman gobe, ga wani darasi da nake so mu kai wa yara. Tsarin birnin Abuja na 1979 ya keɓe filaye don lambunan shan iska. Babbansu shi ne Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe cikin 2003. Rafi ya raba shi biyu, hanyoyin ƙafa kuwa sun ratsa shi.

In hukuma za ta shimfiɗa irin wannan hanya da kuɗin haraji, a ganina sai ta yi faɗi, ba matakala, don mai tafiya ƙasa da mai keke da gurgu duk su samu wucewa, gama kuɗin na kowa ne. Mu koya wa yara tsaron lambu, don filin da aka ƙyale, gini yakan cinye shi.