DARASI: INSHORAR CIKE GIƁI DOMIN TSOFAFFI A AMURKA

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan yadda tsofaffi a Amurka suke biyan kuɗin asibiti ne. Ku karanta shi tare a taron ƙungiya, sa'an nan ku tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Abin da gwamnati take biya

A ranar 30 ga Yuli 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Medicare, watau inshorar lafiya ta gwamnati domin masu shekara 65 zuwa sama. Sashen A yana biyan kwanciyar asibiti. Sashen B kuwa yana biyan ganin likita da gwaje-gwaje.

Amma gwamnati ba ta ɗauke kuɗin duka. A shekarar 2025, wanda aka kwantar a asibiti sai ya fara biyan dala 1,676 daga aljihunsa. A Sashen B kuma yakan biya dala 257 na farko a shekara, bayan haka gwamnati ta biya kashi 80 cikin 100, shi ya biya kashi 20. Misali, in aikin likita ya kai dala 10,000, wajen dala 2,000 suna wuyan tsohon. Abin da ya fi nauyi shi ne, wannan kashi 20 ba shi da iyaka. Doguwar jinya tana iya cinye ajiyar mutum ƙaf.

2. Yadda ake cike giɓin

Kamar rumbu ne mai rufi amma da kafa a gefe. Domin toshe kafar, kamfanoni masu zaman kansu suna sayar da ƙarin inshora da ake kira Medigap. Tsoho yana biyan kamfani kuɗi kowane wata, kamfani kuma ya biya abin da gwamnati ta bari, duka ko wani sashe.

A shekarun 1970 an cuci tsofaffi da yawa. Dillalai sukan sayar wa mutum ɗaya takardu biyu ko uku masu biyan abu guda. Saboda haka majalisa ta yi doka a 1980, ta ƙara ƙarfafa ta a 1990. Aka hana sayar wa mutum inshora mai maimaita wadda yake da ita, aka kuma sa wa kowane tsari harafi, kamar A ko G. A yawancin jihohi, tsarin G na wannan kamfani daidai yake da tsarin G na wancan. Farashi ne kawai ya bambanta, don haka mai saye yana iya kwatantawa.

3. Abubuwa biyu na lura

Na ɗaya, lokaci. Mutum yana da wata 6 daga sa'ad da ya kai shekara 65 ya kuma shiga Sashen B. Cikin watannin nan kamfani ba ya iya ƙinsa saboda ciwo. In sun wuce, a jihohi da yawa ana iya ƙinsa ko a ƙara masa kuɗi. Tun ran gini, ran zane.

Na biyu, ko Medigap ba ta biyan kome da kome. Galibi ba ta biyan aikin haƙori, ko tabarau, ko na'urar ji, ko kuɗin mai kula da tsoho na dogon lokaci.

4. Darasi gare mu

A Nijeriya, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi, har da tsofaffi. Duk tsarin da aka kawo muku, kada ku tambayi abin da yake biya kaɗai. Ku tambayi abin da ba ya biya, ku nemi a karanta muku takardar kafin ku sa hannu.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa kashi 20 marar iyaka yake da hatsari ga tsoho?
2. Tsofaffi nawa ne a ƙungiyarmu suka sayar da hatsi ko dabba bara domin jinya?
3. Bayan girbi, za mu iya ware wani abu domin cike irin wannan giɓi? Wa zai riƙe lissafin?