Tsohuwar Tasha Ma Aji Ce

Ran nan na kai yara su ga tashar jirgin ƙasa ta Idu a Abuja, wadda aka buɗe cikin 2016. Wani ya ce, "Malam, ita ce ta fari a Arewa?" Na ji kunya, gama laifinmu ne, mu malamai.

To, ga amsa. Cikin 1907 aka soma shimfiɗa dogo daga Baro, bakin Kwara, ya bi ta Minna da Zariya, ya isa Kano cikin 1911. Tashoshinsa da yawa yanzu sun lalace.

Ɗakin da ba kowa, gara da jemage ke gadonsa. Saboda haka gyara kaɗai bai isa ba, sai an ba ginin aiki. Can Ikko an gyara wani tsohon gidan reluwe, watau Gidan Jaekel, cikin 2010, aka mai da shi gidan tarihi.

'Yan'uwa, in an tura ku garin da ke da tsohuwar tasha, ku nemi izini ku kai yara. Su auna ta, su zana ta, su tambayi tsofaffin ma'aikata. Yaron da ya san tarihin gini ba ya yarda a rushe shi.