Jirgin da iskar hunturu ke turawa

Kai mai karatu, ka san iskar hunturu. Tana tasowa daga arewa maso gabas, ta busar da leɓe, ta cika gari da hazo. To in ta wuce mu, ina take zuwa? Ba ta tsayawa. Tana ratsa ƙasashen yamma har ta faɗa tekun Atlantika. Ƙurar Sahara da take ɗauke da ita, wani lokaci har Amurka ta Kudu take sauka.

Akwai mutanen da wannan iska ke kaiwa inda za su. Jirginsu na ruwa ba da mai yake tahiya ba. Wani dogon ginshiƙi ke tsaye tsakiyar jirgin, an rataya masa manyan ƙyallaye masu ƙarfi. Ka ga yadda zane ke kumbura in an shanya shi bisa igiya ranar iska? Haka ƙyallen ke cika, ya ja jirgin gaba.

Yamma da ƙasar Maroko, cikin teku, akwai tsibiran Kanari. Daga nan Kolombus ya tsallaka a 1492 da jirage 3. Kafin ya tashi, sai da aka canza ƙyallayen ƙaramin jirginsa mai suna Ninya. Aka cire masu kusurwa 3, aka sa masu kusurwa 4, domin su suka fi tare iskar da ke zuwa ta baya. Ya yi kwana 36 kafin ya ga ƙasa. Tun 1986 kuma, ƙananan jirage na taruwa a Las Palmas, birnin da ke cikin tsibiran, su tashi tare a watan Nuwamba. Suna sauka tsibirin Sant Lusiya, can kusa da Amurka. Tahiyar kilomita 5000 ce, wajen sati 3, kuma kusan kullum iska na bayansu.

Za ka ce ai sun huta. A'a, nan aikin yake.

Jirgin zamani yana da ƙyalle 2. Babban yana bayan ginshiƙi, ƙaramin yana gaba. In iska na zuwa ta baya sak, babban sai ya tare ta, na gaba ya rasa rabonsa, ya yi ta kaɗawa banza. Dabarar ita ce a buɗe babban ta dama, ƙaramin ta hagu, kamar shamuwa ta buɗe fukafukai. Ƙaramin ba ya tsayawa da kansa. Sai an tokare kusurwarsa da doguwar sanda, sandar kuma a ɗaure ta ta sama, ta gaba, ta baya, don kar ta yi wasa. Wasu ma sauke babban suke yi gaba ɗai, su buɗe ƙanana 2 a gaba, ɗaya nan ɗaya can.

Yanzu ga wurin haɗari. Ƙasan babban ƙyalle akwai sandar ƙarfe mai nauyi, tana kwance, tsayin kan mutum. Igiyar ruwa na jujjuya jirgi dare da rana. In jirgin ya ɗan karkace, iska ta shiga ƙyallen ta wancan gefe, sai sandar ta zabura ta share bisa jirgi daga dama zuwa hagu. Kafin ka ce wayyo ta iso. Ta kashe mutane, ta tura wasu cikin teku. Kuma ka tuna, babu asibiti kusa. Maganin abin igiya ɗaya ce tak. Ana ɗaura ta a ƙarshen sandar, a kai ta can goshin jirgi, a maido ta wurin matuƙi, a ja ta tsai. A ganina, duk jirgin babu igiyar da ta kai wannan daraja. Wanda ya ce bari sai gobe ya ɗaura, bai ji tausayin abokan tahiyarsa ba.

Iskar baya kuma tana da yaudara. In ka taɓa tuƙa keke iska na bayanka, ka san ba ka jin ƙarfinta sai ka juyo. Mu yi lissafi. A ce iska na gudun kilomita 40 a awa, jirgi na gudun 12. Mutumin da ke cikin jirgi 28 kaɗai yake ji a jikinsa. Sai ya ga kamar lahiya lau, alhali kaya sun yi wa ginshiƙi yawa. Shi ya sa matuƙan kirki ke rage ƙyalle tun kafin rana ta faɗi, su naɗe wani sashe su ɗaure. Hadari na tasowa cikin dare ba sallama. Gara jirgi ya rage gudu da a tashi mutane cikin duhu suna kokawa da ƙyalle.

Saura guda, kuma wannan kai ma ka san shi. Je ka dubi itacen bakin tsohuwar rijiya. Igiyar guga ta sassaƙa shi, ita ma itacen ya cinye ta. Haka abin yake cikin jirgi: sati 3 igiya na goga wuri ɗaya, ƙyalle na goga waya. Don haka kowace safiya mutum ɗaya ke zagaya jirgin, yana shafa igiyoyi da hannu. Inda ya ji ta soma gashi, sai ya gusar da ita kaɗan, ko ya yanke bakin ya sake ƙulli, ko ya naɗe wurin da fata. In ƙyalle ya soma yagewa, a sauke shi a ɗinke nan take, da allura da zare, tun yagar ba ta kai taƙi ba.