Kafin ku kai yaro mai ƙafar roba wurin wasan ruwa

Yaro mai ƙafar roba yana son ruwa kamar kowane yaro, kuma bai dace a bar shi a gefe yana kallon 'yan'uwansa ba. Sai dai shirin daga gida yake farawa.

Ku tambayi waɗanda suka haɗa masa ƙafar, a Asibitin Ƙashi na Dala ne ko wani wurin, ko tana jure ruwa. Sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan ninƙaya yana cin ƙusoshi da mahaɗan ƙarfe, ƙafa mai batir kuwa tana iya lalacewa gaba ɗaya. In tsohuwar ƙafarsa ba ta matse shi ba, a ware ta don ruwa.

Ku kira wurin wasan kafin ku biya kuɗin shiga. Wasu ba sa yarda a hau abin zamiya da ƙafar da ƙarfenta ke waje. Gara ya ji haka daga bakinku da ya ji daga ma'aikaci a gaban sa'o'insa.

An fi yin sakaci bayan an fito. A ɗauraye ƙafar da ruwa mai tsabta, a tsane dungun sosai, a sa busasshiyar safa, domin jiƙaƙƙiyar fata nan da nan take saluɓewa. In jan tabo ya wuce minti 20 bai ɓace ba, a hutar da ƙafar, a ga likita. Sandar dogarawa ma tana santsi a jiƙaƙƙen tayil, ku riƙe masa hannu.

Batun cire ƙafar a gaban jama'a kuwa, ku tambaye shi tukuna, shi ke da ta cewa.