Matsayin Wari A Shari'a: Darasi Kan Binciken Tabar Wiwi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala da ta daɗe tana gaban alƙalan Amurka, watau ko warin tabar wiwi kaɗai ya isa ɗan sanda ya binciki motar mutum ko gidansa.

Tun 1791 tsarin mulkin ƙasar ya hana bincike ba tare da dalili mai ƙarfi ba. A 2013 Kotun Ƙoli ta ce kai kare ƙofar gidan mutum don ya sansano wiwi bincike ne, wanda ke bukatar takardar izinin alƙali. A jihar Ilinoyi kuwa, inda aka halatta wiwi ga baligai tun 2020, babbar kotun jihar ta yanke hukunci biyu a 2024. Warin ƙonanniyar wiwi kaɗai bai isa a binciki mota ba. Amma warin ɗanyarta ya isa, domin dokarsu ta wajabta a ɗauke ta cikin mazubin da ba ya fitar da wari.

Malaman fiƙihu sun tattauna irin wannan game da giya. Imamu Malik ya ce idan adilai biyu suka shaida sun ji warinta a bakin mutum, haddi ya tabbata, kuma Muwaɗɗa ta kawo aikin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, a kan haka. Imamu Shafi'i da Abu Hanifa ba su tsai da haddi da wari kaɗai ba, saboda mai yiwuwa ne an tilasta wa mutumin, ko ya sha cikin rashin sani, shubuha kuwa tana tunkuɗe haddi.

Sai dai wannan saɓani ya shafi warin da ya bayyana ne da kansa. Farautarsa kuwa daban ce. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 27 ta Suratun Nuri ta hana shiga gidan wani sai da izini. Saboda haka Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana cikin Ihya'u cewa bai halatta ga mai hisba ya riƙa sansana gida don gano giya ba.

Ke nan haramcin kayan maye bai zama mabuɗin ƙofar kowa ba. Ma'aikacin da ya keta alfarmar gida bisa zato ya aikata laifi tabbatacce wajen neman wanda ba a tabbatar ba. Allah ne Mafi sani.