Motata sai ta ga dama take tashi

Zuwa ga Malam Bakanike: Ina da tsohuwar mota mai giyar hannu da nake zuwa aiki da ita. Tun bayan ƙaramar sallah ta tsiro da wani hali: yau ina murɗa makulli ta tashi kamar sabuwa, gobe sai in ji "ƙas" sau ɗaya, shi ke nan, shiru. Abin ya fi faruwa idan ta ɗau zafi na kashe ta, kamar a gidan mai. In an tura ta kuwa, nan take take kamawa. Yaran unguwa har sun gane ni, da sun ga na buɗe bonet sai su taso. An ce batir ne, na sayi sabo, ba ta sake zani ba. Wani direba ya ƙwanƙwasa kik ɗin da sifanar taya ta tashi, tun daga ranar sifana ba ta barin gefen kujerata. Na kai wa mai rewaya, a gabansa ta yi ta tashi ba gardama, ya ce kawai a sayo wani kik. In saya ne, ko da abin da za a fara dubawa?

Malamin makaranta, Zariya

Amsar Malam Bakanike: Kada ka sayi komai tukuna. Kuɗin batir ya tafi a kan zato, kada na kik ya bi shi. Irin wannan matsalar a lokacin da take faruwa ake kama ta, kuma a lokacin kai ne a wurin, ba mai rewaya ba.

Tunda tana tashi da turi, inji da mai da fulogi sun fita daga zargi. Ranar da ta sake ƙi, bar sifana a inda take. Kunna fitilun gaba, ka sa wani ya tsaya yana kallonsu, sannan ka murɗa makulli. In suka dushe sosai, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, wuta ce ba ta isa, laifin batir ne ko kawunansa ko wayoyi. In ko ƙas ɗin babu, a duba makunni da rile da fis. In kuwa fitilu suka tsaya tar, ga ƙas guda ɗaya, to galibi matsalar tana jikin kik.

Bayaninka ya fi karkata ga na ƙarshen nan. A cikin kik akwai ƙananan buroshi, galibi huɗu, waɗanda sifirin ke dannawa a kan tagullar da ke juyawa. In suka cinye, wani lokaci su taɓa, wani lokaci su ƙi. Duka ne ke girgiza su su koma mazauninsu. A saman kik kuma akwai solinoid, shi ne mai ƙas ɗin da kake ji. Yana tura ƙaramin haƙori ya shiga filawil, ya kuma haɗa wasu tagulla da wuta fiye da amfiya 100 ke ratsawa. Yau da gobe sai fuskarsu ta ƙone ta yi ramuka, ya buga amma wuta ba ta wuce ba. Zafi na ƙara tsananta duka biyun, shi ya sa take kunyata ka a gidan mai.

Dukan nan dai ka daina shi. Yawancin kik na yanzu maganaɗisu ne manne a cikinsa, ranar da ya tsage gyaran buroshi ya wuce, sai sabo.

Duk da haka, fara da abin da ba ya cin kuɗi. Kama kan batir ka murɗa da hannu. In ya motsa, ka samu ɓarawo ɗaya. Farin garin nan da ke taruwa a kai a wanke shi da ruwan ɗumi da ɗan kanwa, a goge har ƙarfe ya fito. Na nagatib ake fara kwancewa, shi ne kuma na ƙarshen ɗaurawa. Sai a bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji, wadda masu gyara da yawa ba sa ko kallo. Mai rewaya ya sa mita: cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, kada ya faɗi ƙasa da 9.6 yayin kik, in inji na aiki kuma ya kai kusan 14. Mai rewayan da ba shi da mita, ka nemi wani.

In waɗannan sun fita lafiya, a sauke kik a buɗe a gabanka. Za ka ga baƙin gari, ka ga buroshin sun gajarce. A sa sababbi, a goge tagulla, a duba bushin, a canza solinoid in ya ƙone. Ni na fi son wannan a kan sayen ɗan Beljiyam a Panteka ko Ƙofar Ruwa, don shi ma ba ka san saura nawa buroshinsa ya rage ba, kuma juyawarsa a kan tebur ba hujja ba ce, can ba ya ɗauke da nauyin inji. In waya ta ƙone a ciki dole a saya, to ka tafi da tsohon a gwada mazaunin kusoshi, a ƙirga haƙora, ka kuma yi sharaɗin mayarwa.

Kafin ka kai ta, kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a kik ɗaya, ka kuma riƙa fakawa inda ke da gangare.