Amsoshin Tambayoyinku: Na sayo sababbin kaji, yaushe zan sake su?

Tambaya: Ina zaune a Dakata, maigidana yana aiki a wani kamfani a Bompai. Na ɗauki adashe, na aika aka sayo min kajin Hausa biyar a kasuwar Wudil ranar Juma'ar da ta wuce, da ma ina da uku a gida. Har yanzu sababbin suna ɗaure, kuma ɗaya na ga ba ta da kuzari. Maƙwabciyata ta ce in fasa musu kafso ja-da-yalo a ruwa in sake su. Don Allah yaya zan yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, Allah ya sa wa kiwon albarka. Kada ki sake su tukuna, kuma kada ki bari su haɗa kwanon ruwa ko wurin kwana da tsofaffin kajinki har sai an yi mako biyu cur, in da hali uku.

Iyayenmu kan ɗaure baƙuwar kaza kwana uku don ta san gida. Ki ƙara kwanakin, ki kuma kwance igiyar ki zuba su a akurki ko kejin da iska ke ratsawa, can nesa da na gida. Kajin kasuwa daga ƙauyuka barkatai ake tattaro su, su wuni a kwando ɗaya, suna shaƙar numfashin juna. Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin unguwa idan sanyi ya shigo, takan kwanta a jikin kaza daga kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana. Kaza na iya cin tsakinta lafiya lau yau, alhali tana ɗauke da abin da zai kashe miki duka takwas ɗin. Idan za ki ba su abinci, ki fara da na gida, baƙin su zama na ƙarshe, sannan ki wanke hannu.

Mara kuzarin nan ki ware ta ita kaɗai yau ɗin nan.

Duba lafiyar kaza da hannu ake yi. Da asuba, kafin ki watsa musu komai, ki ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Ki shafa ƙashin ƙirji: idan kin ji nama ta gefe biyu, madalla, idan ya tsaya kamar bakin wuƙa, ta rame, kuma sau da yawa tsutsar ciki ce. Ki taɓa maroro, wato jakar abincin da ke gindin wuya. Da safe ya kamata ki ji shi fayau. Idan ya kwana a cike, ko bakinta na tashin tsami, abinci ba ya wucewa. Ki kai kunne kusa da bakinta, lafiyayyar kaza ba a jin numfashinta. Idanu su zama garau, hanci ba majina, zankon kai ba ƙuraje masu ɓawo. Sai ki ɗaga fiffike, ki buɗa gashin gindi. Nan ƙwarƙwata da ƙuma suke ɓoyewa, kuma gashin da kashi ya manne wa alamar zawo ne. Daga nan ki dubi inda suka kwana. Kashin lafiya yana da ƙwari, da ɗan fari a samansa. Kore shar mai ruwa, ko fari fat kamar alli, ko mai jini, kowanne dalili ne na neman likitan dabbobi.

Game da kafso, na san maƙwabciyarki alheri take nufi, amma ban goyi bayan shawarar ba. Ja-da-yalo ba ya taɓa Niyukasil ko murar tsuntsaye, domin ƙwayoyinsu ba irin waɗanda yake kashewa ba ne. Kuɗi za ki zubar, ragowar maganin kuma ya bi ƙwan da yaranki za su ci. Abin da ke tsare kaza shi ne rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, wanda aka fara haɗawa a Ostareliya saboda kajin karkara. Yana jure zafi fiye da sauran, kuma ɗigo ɗaya ake yi a ido. Ana maimaita shi duk wata uku zuwa huɗu, kuma lafiyayyu kaɗai ake yi wa. Kwalba guda ta fi ƙarfin kaji takwas, don haka ki haɗa kai da matan layinku ku yi rana ɗaya. Ki tambaya a asibitin dabbobi na Gwale ko shagon maganin dabbobi mai firiji.

Idan kuwa kaji biyu ko uku suka faɗi matattu a dare ɗaya, kai a kumbure, zanko ya yi shuɗi, kada a yi saurin kawo wuƙa. Wataƙila murar tsuntsaye ce. An fara tabbatar da ita a Najeriya a watan Fabrairun 2006, a wata gona a Jihar Kaduna, ta taɓa Kano a shekarar, ta sake dawowa a 2015, kuma tana iya kama mutum. A sa leda a hannu, a binne su da zurfi, a sanar da likita.

Akwai kuma abin da ya shafi unguwarku musamman. Ruwan da masana'antun Bompai ke zubarwa yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, kamar yadda na kamfanonin jima a Sharada da Challawa ke gangarawa kogin Challawa, ɗauke da sinadarai irin su kuromiyam. Kazar sake kuwa duk kwatar da ta gani sai ta tsoma baki. Wannan yana damuna ƙwarai, domin abin da ta sha yana iya taruwa a hantarta da ƙwanta. Kazar da ta ƙoshi da ruwa a gida ba ta cika nema a waje ba, saboda haka ki ajiye ruwa mai tsabta a inuwa, ki sauya shi safe da yamma. Idan ƙofarku na kallon babbar magudana, gara su yi kiwonsu a tsakar gida.

Abinci ba wuya: dusa da aka ɗan jiƙa, tsakin masara ko dawa, ragowar ganyen miya, da dakakken ɓawon ƙwai ga masu saka. Ki tara musu toka da yashi a wani lungu su riƙa birgima.

Ranar sakin, ki bari sai bayan La'asar, kuma kada ki ƙosar da su. Ba za su yi nisa ba. Gab da Magariba ki watsa tsaki a bakin akurki, ki kira su da murya iri ɗaya kullum. Za a yi 'yan tsattsage-tsattsage da tsofaffin na kwana biyu ko uku. Muddin ba a fitar da jini ba, ki ƙyale su, ki dai ajiye kwanon abinci biyu nesa da juna don a bar baƙin su ci.